Kawu Mai Haƙora da Dokar Bayan Tukunya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai haɗa haƙoran roba ne. Ba likita ba ne, kuma duk wanda ya kira shi likita sai ya tsaya ya gyara masa, ko da a tsakiyar titi ne. Likita shi ne na ɗakin gaba, mai kujerar nan da ke kwantar da mutum, shi ke duba baki ya ɗauki awonsa. Kawu yana ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Can ake miƙa masa awon, shi kuma ya mai da shi haƙora. Mutanen layin suna ce masa Mai Haƙora. A gida kuwa Auta ne, duk da furfurar da ta cinye masa gemu, don daga shi Kaka ba ta sake haihuwa ba.

A danginmu ni ake tambaya in an manta wani abu, wa ya riga wa aure, wace damina ce rufin ɗakin tsakiya ya zubo. Wannan labarin rabinsa na gani da idona, rabi kuma na tattaro daga bakin Umma da matar Kawu, na cire abin da na san ƙari ne.

Ba za a gane Kawu ba sai an san dokar gidan Kaka. A gidan nan ba a leƙa cikin tukunya a ce an wanke ta. Kaka kifar da ita take yi ta duba bayanta. Haka kofi, haka faranti, haka kujera, haka takalmin makaranta. Dalilinta shi ne, wurin da ido ke gani kowa ma yana gyarawa, ita wurin da ba a gani take so ta sani. Umma ta ce suna yara sai su goge bayan tukunya har mutum ya ga fuskarsa, Kaka ta duba ta ce ya yi, sannan a ɗora ta a wuta ta koma baƙa. Ba wanda ya taɓa tambayar amfanin hakan, ko kuma wanda ya tambaya bai bar labari ba.

Cikin 'ya'yanta duka, Auta ne dokar ta fi kamawa. Har yau in ya wanke babur ɗinsa sai ya kwanta a ƙasa ya goge cikinsa. Matarsa ta ce a farkon aurensu ta ɗauka wani abu ya ɓace masa a ƙarƙashin gado, ashe katakon yake sharewa.

Sana'ar kuwa a wurin wani tsoho ya koya, wanda shi ma a bayan wani likita ya ƙare rayuwarsa. Tsohon ba ya bayani. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya karɓe aikin ya yi da kansa, shi ma a shiru. Don haka Kawu ya fito ya iya komai da hannu, amma akwai abubuwan da ya san yadda ake yi bai san dalilin yin su ba.

Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne, kullum yana warin ruwan haɗi, wani wari mai hawa kai da ke bin rigarsa har gida. Akwai teburi mai farin ƙura, risho da tukunyar dafa aiki, injin matsewa, ƙaramin injin gurza mai kuka kamar sauro, sai babban injin gogewa a lungu. A bango an jera haƙora a kan ƙananan katuna, manya da ƙanana, farare da masu ɗan duhu. In an miƙo awo, sai ya zuba filasta, wata farar hoda da ake kwaɓawa ta daskare, ya fitar da siffar bakin mutum. A kanta yake shimfiɗa kaki irin na zuma, ya jera haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana gurje ƙasan kowanne har ya zauna daidai. Sannan ya rufe komai cikin akwatin tagulla da filasta, ya tafasa, kakin ya narke ya fita, haƙoran su tsaya a wurarensu. Gurbin da kakin ya bari shi ake cikawa da jar roba mai launin dasashi, wadda ake kwaɓawa daga hoda da ruwan haɗi har ta yi kamar ƙullin fulawa. A matse, a sake dafawa, a fasa filastar.

Duk aikin nan a wuri ɗaya ya rataya, inda ƙasan haƙori ya haɗu da jar robar. Babu gam, babu ƙusa. Su biyun ne za su kama juna, ko su ƙi.

Na Kawu ba sa ƙi. An san shi da wannan. Akwai wani mahauci da ya yi shekaru yana ɓalle murfin kwalba da haƙoran da Kawu ya yi masa, ya zo yana ba da labari yana jiran a yaba masa. Kawu ya ce masa ya daina. Mahaucin ya ce to, bai daina ba, haƙoran kuma ba su bar shi ba.

Da haƙoran Kaka suka ƙare, likita ya cire guntayen da suka rage ya ɗauki awo, ba a ma tattauna wanda zai yi aikin ba. Kawu ya ture na kowa gefe. Bai taɓa daɗewa a kan aiki irin yadda ya daɗe a kan wannan ba. Kafin ya jera haƙoran sai da ya kawo su gida a kan faranti, don Kaka ta ce ba za a sa mata abu a baki ba ta gan shi ba. Ta ɗauke su ɗaya ɗaya, ta kifar da kowanne, ta duba ƙasansa a hasken taga. Kowanne sumul yake, yana sheƙi kamar bayan cokali. Ta ce ya yi. Umma ta ce rabon da ta ji Kaka ta ce wa mutum ya yi tun kafin a haife ni.

Haƙoran sun yi mata kyau. Ta koma cin nama, ta koma zama a ƙofar gida, muryarta ta dawo da kaifinta.

Sai ranar da wasu baƙi suka zo gaishe ta. Ana shan shayi tana ba su labarin wani mai gyaran famfo da ya yi mata aikin banza, sai aka ji ƙwal a cikin kofi. Haƙorin sama ne, na tsakiya, wanda ake fara gani. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Kaka ta sa cokali ta tsamo shi, ta ɗauraye, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ƙarasa labarin mai famfo leɓenta a rufe. Baƙin sun ce ba su gane ƙarshen labarin ba, amma sun yarda mutumin bai kyauta ba.

Kawu ya karɓa ya mayar. Ba a daɗe ba na kusa da shi ya zauna a cikin burodi. Ya sake mayarwa. Na ukun shi ya fi muni, don tana tsaka da yi wa mai karanta mitar wuta faɗa ne a kan takalminsa da ya shigo da taɓo, haƙorin ya fita ya faɗi a gabansa. Mutumin, don ladabi, ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu.

Daga ranar Kaka ta cire haƙoran gaba ɗaya, ta sa su cikin kofin ruwa a kan taga, ta rufe da ƙaramin faranti.

Da farko mun ɗauka fushi ne na kwana biyu. Amma ta daina cin komai sai burodin da aka jiƙa a shayi, shi ma kaɗan. Zobenta ya fara yawo a yatsa, ta naɗa masa zare, daga baya zaren ma ya yi kaɗan. Ta daina zama a ƙofa. In baƙo ya zo sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa gaisuwa da kai. Abin da ya fi tayar wa Umma da hankali shi ne wata rana da na wanke tukunya da gaggawa na ajiye, bayanta duk baƙi, Kaka ta wuce ta kalle ta, ba ta kifar ba.

Umma ta kawo shawarar a kai ta wurin wani mai haɗa haƙoran a can wani gefen gari, ba don Auta bai iya ba, don dai a sauya hannu. Ta faɗa a hankali, a gaban Kawu, tana kallon ƙasa. Kawu ya ce Yaya ta yi gaskiya, shi da kansa zai kai ta.

Kaka ta janye mayafin daga bakinta.

“Na haifi mai yi, in je in buɗe wa ɗan wata baki?”

Ta ce in na Auta ba su zauna ba, to haka bakinta zai tafi kabari, ba shi ne na farko ba. Za ta ƙara gwadawa sau ɗaya tak. In wani haƙori ya sake fita a gaban mutane, ko a bayan mutane, an gama maganar, kada kowa ya sake tayar mata da ita. Ta mayar da mayafin.

Nan Kawu ya shiga bincike. Ya fara zargin hodar, ya sayo sabuwa. Ya zargi ruwan haɗin, ya sauya. Ya ce ƙila kakin ne ba ya fita duka yana barin maiƙo, sai ya koma wanke haƙoran da tafasasshen ruwa da sabulu bayan narkarwa, ya ɗauraye, ya sake. Ya lura da ruwan da ake shafa wa filasta don kada roba ta manne mata, ya ce in ya taɓa haƙori shi ma zai hana kamu, ya sayo buroshi siriri kamar na masu zane. Ya rage wutar risho don aikin ya dahu a hankali. Duk waɗannan gyare-gyare ne na gaske, har yau da su yake aiki.

Don ya san wanne ne ya yi amfani, sai ya ƙirƙiro hanyar gwaji. Yakan ɗauki ragowar haƙori ya dasa shi a dunƙulen jar roba, ya ɗaure dunƙulen a ƙarfen taga, ya ɗaura wa haƙorin waya, ya rataya bokiti a wayar. Sai ya riƙa zuba ruwa da kofi yana kallo. Likita ya leƙo wata rana ya ga bokiti a rataye a taga, ya tambaya ko rufin ne ke yoyo. Kawu ya ce a'a, haƙori yake aunawa. Likitan ya tsaya ya kalli bokitin, ya kalli Kawu, ya ce in an gama a mayar da shi banɗaki don masu shara suna nema.

Matsalar ita ce babu wanda ya faɗi. Na sabuwar hoda ya riƙe bokiti cike. Na tsohuwar hoda ma ya riƙe. Wanda aka wanke da sabulu ya riƙe, wanda ba a wanke ba ya riƙe, sai dai ya ɗan yi ƙara. Kawu ya sa filaya ya ja, wayar ta tsinke, haƙorin na nan. Duk abin da ya dasa a ɗakin nan ya zauna, na mahaifiyarsa kaɗai ke fita.

A gida kowa ya kawo nasa ilimin. Umma ta ce bakin Kaka zafi gare shi, roba ba za ta jure ba. Matar Kawu ta ce haƙoran gaba su ne faɗa ke fara bi ta kansu, ko ita ce za ta nemi hanyar fita. Likita ya sake duba awon da cizon, ya ce komai daidai yake. Kawu kuwa ya rame kusan kamar Kaka. Matarsa ta ce in an zuba masa abinci sai ya riƙa kallon haƙoran duk wanda ke taunawa, har mutum ya ji kunya ya haɗiye.

Abin ya warware ne ta hanyar wani direban babbar mota. Ya zo da haƙoransa a ƙulle cikin leda, sun faɗo daga aljihunsa a wurin wanki matarsa ta taka. Jar robar ta rabe biyu, wani haƙori ya tsage a tsakiya, amma ƙasansa na nan a dashe, ya ƙi barin wurinsa. Kawu ya ajiye su a teburi. Kusa da su akwai na Kaka, waɗanda ya aro daga kofinta don ya duba, da gurbin haƙorin da ya faɗi a gaban mai mita.

Matar Kawu tana wurin, ta kawo masa abincin rana, daga bakinta na ji wannan. Ta ce ya sa ɗan yatsa a gurbin na Kaka ya shafa. Santsi ne da shi, yana ƙyalli kamar cikin kofin tangaran. Ya ɗauki na direban ya kankare wurin tsagewar ya duba, ya ga robar ta shiga duk ƙananan ramukan da injin gurza ya bari, ta riƙe. Ya ɗauki sabon haƙori cikin waɗanda ya ware wa Kaka, ya gurje ƙasansa kamar kullum. Sai ta ga ya tashi ya nufi babban injin gogewa, hannunsa har ya kai kan makunni. Nan ya tsaya.

Ta ce ya daɗe a tsaye da haƙori a hannu har abincin ya huce.

Abin da ya faru ke nan. Haƙoran mutane, in ya gurje ƙasansu, haka yake dasa su da kaushinsu, don aiki na jira, kuma haka ya ga tsohon maigidansa na yi. Shekara da shekaru yana ɗaukar wannan a matsayin abin kunyar sana'a, abin da sauri ke jawowa, sa'a ɗaya roba na rufe shi. Na gwaji ma haka yake barin su, don ba bakin kowa za su shiga ba. Na Kaka kuwa, ya san za ta kifar. Don haka kowanne sai ya kai shi injin gogewa ya goge ƙasansa har ya ga fitila a ciki. Duk lokacin da haƙorinta ya faɗi aka kawo masa gyara, sai ya ƙara goge shi fiye da da, don a ganinsa gogewar farko ce ba ta isa ba.

Ranar ya goge ɗaya irin gogewar Kaka, ya dasa, ya dafa, ya rataya bokiti. Ruwan bai kai rabi ba haƙorin ya zame, bokitin ya faɗi, ruwa ya jiƙa masa wando har gwiwa. Matarsa ta ce abin da ya faɗa kawai shi ne, “To.”

Tunda ya gane inda bakin zaren yake, sai ya bi shi har ƙarshe. Ya gwada kaushi kaɗan da kaushi mai yawa. Ya gwada yanka siririn tsagi a ƙasan haƙorin, ya gwada huda ɗan rami mai faɗin ciki don robar ta shiga ta kasa fita. Ya gano in ya jiƙa wurin da ruwan haɗi ya ɗan jira kafin ya danna ƙullin, fuskar haƙorin na laushi su haɗe kamar abu ɗaya. Da ya haɗa duka, bokiti ya daina isa. Ya sa filaya ya murɗa da ƙarfinsa, haƙorin ya karye, ƙasansa bai motsa ba.

Saura Kaka. Ba za a dasa komai ba sai ta gani, kuma za ta kifar.

Umma ta ce abin mai sauƙi ne, ya nuna mata gogaggu, ya je ya dasa masu kaushi, roba ta rufe, wa zai sani. Matarsa ta goyi baya, ta ce ita ma ba kowane gishiri take gaya masa ta sa ba. Kawu ya ce bai taɓa nuna wa Inna abu ya ba ta wani ba, kuma ba zai fara da abin da za ta riƙa ɗauka a baki kullum ba. Umma ta ce to ya shirya, don in ta ƙi, babu sau na biyu, kuma shi ya ga yadda wuyanta ya koma. Ya ce ya gani.

Da hantsi ya zo, da faranti a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan. Muna ɗakin ni da Umma. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye farantin. Kaka ta ɗauki haƙori na farko ta kai hasken taga ta kifar. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki na biyu, mai rami.

“Ɓera ne ya ci wannan?”

“Ni ne, Inna.”

“Da hankalinka?”

“Da hankalina.”

Ya yi mata bayani a hankali, kansa a ƙasa, cewa roba ba ta kama abu mai santsi, sai ta sami inda za ta sa farce. Ya ce waɗanda suka faɗi gogewa ce ta kayar da su. Kaka ta saurara har ya gama. Ba ta tambayi komai a kan nata ba. Ta tambaye shi na sauran mutanen gari fa, duk waɗanda ya yi wa aiki tun yana saurayi, haka ƙasansu yake? Ya ce haka yake.

“Wato shekara da shekaru ƙazanta kake dasa wa bayin Allah a baki, suna yi maka godiya.”

Ya ce ba ƙazanta ba ce, kaushi ne, yana wanke su da sabulu da tafasasshen ruwa har sai sun yi ƙara a yatsa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin abu mai tsabta da fuska irin wannan ba. Ta ture farantin kaɗan. Umma ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Kawu ya nemi izini ya yi amfani da tagarta. Ya fito da dunƙule biyu daga aljihu, ya nuna mata, ɗaya haƙorinsa gogagge ne irin wanda ta ce ya yi, ɗaya irin na farantin. Ya ɗaura na farko a ƙarfen taga kusa da kofin da haƙoranta ke ciki, ya rataya bokiti, ya fara zuba ruwa. Kaka ta ce in ya jiƙa mata shimfiɗa shi zai wanke. Ya ce ya sani. Bokitin ya faɗi, ya jiƙa shimfiɗar.

Ya ɗaura na biyu. Ya zuba har bokitin ya cika ya fara zuba ta baki. Ba abin da ya faru. Muka zauna mu huɗu muna kallon bokiti. Can Kaka ta miƙe da ƙyar, ta je ta kama hannun bokitin ta ja ƙasa da duk ƙarfin da ya rage mata, wanda ba shi da yawa. Ta sake ja. Ƙarfen tagar ya yi ƙara, haƙorin bai yi ba.

Ta dawo ta zauna tana haki. Ta ce in kawo mata ruwan zafi da sabulu da sabon buroshi. Ta ɗauki haƙoran farantin ɗaya ɗaya ta wanke ƙasansu da kanta, tana sa bakin buroshin cikin kowane tsagi da kowane rami. Kawu ya san zai sake tafasa su a wurin aiki, bai faɗa ba. Da ta gama ta jera su, ta share hannu.

“Ni wanki na koya maka, Auta. Wannan ƙyallin kai ka ƙara da kanka.”

Umma, wadda ta yi ƙuruciyarta tana neman fuskarta a bayan tukunya, ta buɗe baki ta rufe.

Kaka ta ce ya je ya dasa, amma kada ya gaya wa kowa akwai abin da ba a goge ba a cikin bakinta. Ya ce to. Ya naɗe shimfiɗar ya tafi da ita.

Ranar da ya kawo su, ta sa, ta motsa baki, ta ce a kawo nama, kuma kada a zaɓo mata mai laushi kamar marar lafiya. Ta ci a hankali, mu kuma muna yi kamar ba kallonta muke ba. Da ta kai ƙashi sai ta juyo da shi gaba, daidai kan haƙorin tsakiya, ta kalli Kawu, ta ciza. Ƙashin ya fashe. Ta tsotse shi ta ajiye, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Da la'asar na ji tana kirana daga wurin wanke-wanke. Na same ta tsaye da tukunyar da na dafa naman a hannu, a kife.

Zaren zoben ta warware shi da kaɗan kaɗan har ya ƙare. Ta koma ƙofar gida. Mai mita ya zo, ya cire takalmi tun daga titi, duk da haka ta sami abin faɗa, ta faɗa har ƙarshe babu abin da ya fita. Kawu ya riƙe alkawari bai gaya wa kowa ba. Kaka ce ke gaya wa duk baƙon da ya zauna, har ta cire haƙoran ta nuna wurin, inda ba a ganin komai sai jar roba. Takan ce ɗanta ya gano cewa roba ba ta kama santsi, bayan ita ta nuna masa kuskurensa.

Yanzu duk haƙorin da ya bi ta hannun Kawu sai ya sha tsagi da rami da jiƙo, na kowa iri ɗaya. Masu irin aikinsa biyu sun zo sun ga bokitin, ɗaya ya koma ya rataya nasa. In yana jera haƙora yakan zare wayar babban injin gogewa daga bango, ya ce don kada wuta ta lalata shi. Cikin babur ɗinsa kuwa har yau yana sheƙi.

Kaka takan cire haƙoran in za ta kwanta, ta kifar, ta goge bayan jar robar da buroshi har ya yi ƙyalli. In ta zo layin da haƙori ya haɗu da roba, inda buroshi ba ya shiga, sai ta tsaya ta ɗan kalle shi. Sannan ta sa su a kofi ta rufe da faranti.